Tashar Baba Ta Ruɓe

Yayana,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fata kana lafiya, kai da injunan nan naka da suka fi mu samun kulawarka. Mu nan lafiya lau. Baba yana shan maganin hawan jininsa, sai dai mitar da yake yi wai mugunta ce ta sa na rage masa gishiri. Tunda har yanzu waya ba ta shiga dajin da kuke shimfiɗa hanya, ga takarda ta hannun direban da ke kai muku kaya.

Yaya, mangwaron tsakar gida ne ya hana ni sukuni. Ranar Asabar da hantsi, babu iska babu ruwa, wani reshe mai kaurin cinyata ya ɓallo ya rotsa bahon wanki. Daidai wurin Baba yake ajiye kujerarsa. Tashinsa ke nan ya kama igiyar famfo zai je alwala. Da ya ji ƙarar sai ya tsaya ya ce, “Auta, wa ya yi hatsari a tashata?” Na ce reshe ne ya faɗo. Ya yi dariya ya ce ai duk tsohuwar mota tana zubar da noti. 

Ba ka ga yadda gidan ya koma ba tun zuwanka na ƙarshe. Igiya biyun da ka ɗaura masa lokacin da idonsa ya tafi yanzu sun zama huɗu. Ɗaya daga ƙofar ɗakinsa, ɗaya zuwa famfo, ɗaya zuwa banɗaki, ɗaya zuwa ƙofar gida, kuma duk a jikin mangwaron suka haɗu. Ta famfo mai santsi ce, ta banɗaki na yi mata ƙulli-ƙulli, ta ƙofar gida na naɗe ta da tsumma, don hannunsa ya bambance. Ka san tsohon direba, sai ya raɗa wa bishiyar suna Tasha. In zai tashi sai ka ji yana cewa, “Lodi zuwa famfo, saura mutum ɗaya!” Ina fita makaranta da safe, sai la'asar nake dawowa, kuma duk tsawon wunin ba ya neman hannun kowa. Wannan ne ya riƙe masa mutuncinsa, ka sani na sani.

Da na duba reshen da ya faɗo, cikinsa kamar burodin da ya jiƙa, da yatsa na murtsuke shi. Na zagaya gindin. Ta ɓangaren ɗakin Baba wasu abubuwa sun fito irin laimar kwaɗi, amma masu tauri, sun jeru wani kan wani. Ɓawon wurin yana ɗayewa, wani jan gari yana zubowa. A sama, inda manyan rassan biyu suka rabu, akwai rami. Na zura sandar share yanar gizo, ta shige har rabi. Abin da ya ɗaure min kai shi ne ganyenta kore shar, har fure ta yi.

Wata abokiyar aikina ta ce akwai wani masanin itatuwa a kwalejin aikin gona, Likitan Bishiya ake ce masa. Ina so in kira shi. Ban gaya wa Baba abin da na gani a gindin ba, shi ma bai tambaya ba. In ya tambaya ban san me zan ce ba, don tun da na zama idonsa ban taɓa ce masa fari ba alhali baƙi ne. Ka ba ni amsa da wuri.

Ƙanwarka,
Auta

Auta,

Na samu takardarki, ta daɗe a aljihun direba har ta sha baƙin mai. Lafiyata ƙalau, ban da ciwon baya da sauro. Ki gaida Baba, ki ce masa ɗansa bakanike yana nan yana gyara ɓarnar da direbobi ke yi.

Maganar bishiya kuwa, ke dai tun kina ƙarama in ƙadangare ya gifta sai ki kwarma ihu gida ya taru. Reshe ɗaya ne fa ya faɗo. Bishiyar nan ta girme ni, a kanta na karya hannu, kuma ke da bakinki kin ce ganye kore har da fure. Abin da ke mutuwa ba ya fure. Ki samu magini ya kwaɓa siminti ya cike ramin, a kankare laimar kwaɗin da wuƙa, a tsiyaya baƙin mai a gindin saboda gara. Shi ke nan an gama.

Wannan likitan naki ba na son zuwansa. Duk wanda aka kai wa mota sai ya samu abin kwancewa, ni na sani tunda sana'ata ce. Mai duba bishiya kuma ba zai koma gida bai ce a sare ba. Kin manta abin da Baba ya gaya wa maƙwabcinmu da ya yi ƙorafin ganye na cika masa magudana? Ya ce wanda zai sare ta ya fara da shi. Kada ki tayar masa da jini a kan abin da bai kai ya kawo ba. Ki matsar da kujerarsa gefe, ki kwantar da hankalinki.

Yayanki

Yaya,

Gaisuwa da fatan bayan ya yi sauƙi. Baba lafiya, ya ce a gaya maka bakanike da direba ba su taɓa shiri ba, amma yana sa maka albarka.

Ban jira ka ba. Amsarka ta makara, kafin ta iso Likitan ya zo ya tafi. Na gaya wa Baba gaskiya cewa wani zai zo duba bishiyar, ya sa na fito masa da hularsa mai kyau. Mutumin siriri ne, ba ya gaggawar magana. Bai ma taɓa bishiyar ba da farko. Ya tsaya daga ƙofar gida ya daɗe yana kallonta, sannan ya zagaya, yana ta tambaya kamar a asibiti: yaushe reshen ya faɗo, ina ruwa ke kwanciya, an taɓa haƙa rami kusa da ita? Baba ya ce masa, “Likita, a duba min ita da kyau, ita kaɗai ce tashar da ba a karɓe min lasisi ba.”

Ya fito da gudumar roba yana bubbuga gindin. Ta ɓangaren famfo ƙarar a cike take. Da ya zo ɓangaren ɗakin Baba sai ta koma ɓum, ɓum. Baba ya ce, “Wannan gefen kamar tankin da babu mai,” ya yi dariya. Likitan bai yi dariya ba. Ya ɗauko wani siririn ƙarfe mai tsayin hannuna ya cusa a ƙarƙashin laimar kwaɗin nan, ya shige kusan duka ba tare da ya yi ƙarfi ba. Ya tona ƙasa kaɗan, ya ɓallo wata saiwa da hannu, ya shinshina. Daga nan ya yi wa Baba sallama cikin ladabi, ya ce in raka shi waje.

A ƙofar gida ya yi min bayani. Ya ce ran bishiya a ƙarƙashin ɓawo yake, shi ya sa ganye ke kore, amma cikin ne ke ɗaukar nauyi, kuma cikin ya tafi. Laimar kwaɗin alama ce kawai, ruɓar ta daɗe tana ci. Na tambaye shi siminti, don na san kai za ka kawo shi. Ya ce siminti nauyi zai ƙara, ya riƙe danshi, kuma ba ya lanƙwasa in iska ta kaɗa. Saiwoyin da ke ɓangaren ɗakin Baba sun mutu. Ya tambayi shekarar da aka gina ɗakin, ya ce wataƙila wajen haƙa tushe aka datse manyan saiwoyi, ruɓar ta shiga ta nan. Ya nuna min yadda ta fara karkata, kuma kan ɗakin ta nufa.

Shawararsa ita ce kafin damina ta kankama a sauke kan gaba ɗaya, a bar gangar jikin ta ɗan fi tsayin mutum. In babu nauyi a sama ba za ta faɗi ba, igiyoyin za su iya zama a inda suke, shi kuma zai riƙa zuwa dubawa. Ya ce kada kowa ya kwana a ɗakin in ana iska. Har ya hau babur ya juyo ya ce, “Malama, ki gaya wa tsohon. Bishiyarsa ce.”

Ina shiga Baba ya ce, “Me likita ya ce?” Na ce, “Ya ce zai rubuto.” Gaskiya ne ya ce zai rubuto. Amma ranar ko abinci ban iya ci ba. Yaya, ta ina zan fara gaya masa?

Auta

Auta,

Na ga takardarki. Lafiya lau nake.

Wato ni na kashe bishiyar. Na gode. Ɗakin nan don kada Baba ya riƙa hawa matakala na gina shi, lokacin ke kina makaranta ba ki san abin da ake ciki ba. Yanzu wani ya zo da gudumar roba ya ce tushen ginina ne, ke kuma kin zauna kin rubuto min tiryan-tiryan. Ba komai.

Tunda ƙarfe ya shige, na yarda, a sauke kan. Amma ki ji ni da kyau, kada ki gaya masa. In kika gaya masa zai ce a'a, gidan nasa ne, zai ɗauki kujera ya zauna a gindinta, kuma babu mai zarton da zai hau bishiya tsoho na ƙasa. Daga nan sai me? Ki kai shi wurin Gwaggo ya kwana biyu, ki ce za a fesa maganin gara a ɗakuna. A yi aikin, a mayar da igiyoyin daidai inda suke, a share gidan. Gangar jikin yake taɓawa, kuma tana nan. Allah ya yafe min, Auta, amma ba ya gani. In ya ji wani bambanci ki ce an rage rassa. Ni ne babba, na ɗauki nauyin wannan.

Yayanki

Yaya,

Ina gaisuwa. Baba lafiya, ni ce dai ba lafiya ba.

Ka sake karanta takardata. Ban ce kai ba ne, abin da mutumin ya faɗa na kawo maka, kuma “wataƙila” ya ce. Wa ya san saiwa a lokacin? Ina nan da wuta a hannuna, kai kana can kana neman wanda ya zage ka.

Na roƙi Baba ya dawo falo da kwana. Ya ce don me? Na ce rufin ɗakinsa yana yoyo. Ya ce shi bai ji ɗigon komai ba, kuma kunnensa bai yi ritaya ba. Ka ga ƙarya ta biyu ke nan, kuma ko amfani ba ta yi ba.

Shekaranjiya da azahar hadari ya taso ina aji. Na bar yara wa wata malama na taho da gudu. Na same shi tsaye ya dafa bishiyar, hula a hannu, yana jin daɗin iskar. Yaya, ƙasar da ke gindinta na gani tana ɗagawa tana sauka kamar ƙirjin mai barci. Na ja shi falo da sunan ruwa zai sauko, yana ta faɗa wai na mayar da shi jariri. Na buga wa Likitan, ya ce abin ya wuce jira, masu aikinsa suna da sarari mako mai zuwa. Ya sake tambayata ko na gaya wa tsohon. Na yi masa sallama na kashe wayar.

Ba na son dabararka, zuciyata ta ƙi ta. Sau biyu ina buɗe baki zan gaya masa, sai in tuna kujerar nan a gindin bishiya, in haɗiye. Ka ce min in gaya masa, ko da layi ɗaya ne, in samu wanda zan jingina da shi. In direba ya dawo babu takardarka, zan yi yadda ka ce.

Auta

Ƙanwata,

Ina fata kuna lafiya ke da Baba. Direba ya zo ya koma ina can ƙarshen hanya wajen wata katafila da ta kafe a laka. Sai da na dawo sansani na tarar da takardarki a kan gado.

Ki dakata. Kada ki kai shi wurin Gwaggo. Na sake karanta waccan takardar kamar yadda kika ce, babu inda kika zarge ni, ni ne na karanta da zafin kai. Da zafin kan kuma na ba ki shawara. Baba zai iya haƙura da rashin inuwa, amma kin san abin da ya fi tsana a duniya shi ne a ja shi a kai shi inda bai sani ba. Ki gaya masa komai, har ƙarfen da ya shige da ƙasar da ke motsi. Ga wani shafi daban na rubuta masa da hannuna, ki karanta masa, in faɗa ne ya fara da ni. In ya kafe, zan nemi hutu in zo in zauna tare da shi a gindin har ya gaji.

Allah ya sa wannan ta riga zarto isowa.

Yayanki

Yaya,

Ina gaishe ka. Jikinmu lafiya. Takardarka ta iso, zarto ya riga ta.

Na kai shi wurin Gwaggo da zancen maganin gara. A hanya har yana ce min in lulluɓe masa rediyonsa kada feshin ya shiga. Masu aikin suka zo da igiyoyi, suka hau, suka riƙa sauke rassan gunduwa-gunduwa. Da aka yanke inda manyan rassan suka rabu, cikin kogo ne da bokiti zai shige, baƙi, jiƙe, yana wari. Likitan ya nuna min lafiyayyen itacen da ya rage a gefe, bai fi faɗin tafin hannuna ba. Ya ce da wuya ta ga ƙarshen daminar nan. Don haka saukewar daidai ce, kada ka yi shakka a kan wannan. Na mayar da igiyoyin inda suke, na share ganye da garin zarto tas, har wanke tsakar gidan na yi.

Bayan kwana biyu, da hantsi, na dawo da shi. Yana shiga ya kama igiyar tsumma ya ce, “Lodi zuwa Tasha!” Ya taho da saurinsa. Da ya kai inda inuwa ta saba tarbarsa sai ya rage tafiya, don rana ba ta bar kansa ba. Ya ƙarasa a hankali. Ya shafa ɓawon, ya laluba igiyoyin ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ɗaga sandarsa sama yana kaɗawa, babu abin da ta taɓa. Ya tsaya yana saurare. Ko tsuntsu ɗaya babu.

Ya ce, “Auta.” Na ce, “Na'am, Baba.” Ya ce, “An kashe garar?”

Na durƙusa na gaya masa komai, ina kuka kamar yarinya. Bai katse ni ba. Da na gama ya ce, “Da kin gaya min, da na yi faɗa. Da na ƙi cin abincinki kwana biyu. Sannan in ce a sare, tunda makanta ce ta same ni, ba hauka ba. Da na zauna a ƙofar ɗaki na ji saukarta da kunnena.” Ya kama igiyar ɗakinsa ya shige.

Tun ranar yana cin abinci, yana shan magani, in na gaishe shi yana amsawa. Yana bin igiyoyinsa, amma ya daina kiran lodi. Da ma zagina yake yi da na fi samun sauƙi.

Jiya da na dawo makaranta direba ya kawo takardarka. Na yi murna, na ce wataƙila wannan ta wanke mu. Na shiga na ce, “Baba, ga shafi guda Yaya ya rubuto maka, bari in karanta.” Ya miƙo hannu ya karɓa, ya ninke, ya ce, “Je ki kira min mai shagon nan na tsallaken titi.”

Na je na kira shi. Mutumin ya bar shagonsa ya zo, ya tsuguna gaban Baba yana ta tuntuɓe da rubutunka, ni ina tsaye a bakin ƙofa ina jin inda ya kasa, ban isa in gyara masa ba. Ya karanta haƙurin da ka bayar, da bayanin ƙarfen, da inda ka ce kada a ga laifin Auta. Da ya kai ƙarshe Baba ya ce, “Iyakar abin da ke ciki ke nan?” Ya ce, “Shi ke nan, Baba.” Baba ya ce, “Juya bayan takardar ka duba min.”

Ka nemi hutun nan ka zo. In za ka sake rubuta masa kafin nan, ka yi da manyan baƙaƙe, mai shagon ba ya gani sosai.

Ƙanwarka,
Auta